Kebul Ɗaya Tak: Yadda Za Ka Zaɓi Mahaɗar Laftof Da Za Ta Gyara Maka Tebur

Teburina ya daɗe yana ba ni kunya. Caja a wannan gefen, kebul ɗin allo ya gitta ta kan takardu, na firinta yana reto, ga ɗan kan mawus, ga faifan ajiya da ke neman kafar da babu. In na zauna da safe sai na soka abu biyar, in zan fita na zare biyar, in na dawo kuma in tarar ɗaya ya sulale ya faɗa bayan tebur, sai na durƙusa na laluba cikin ƙura.

Maganin wannan ita ce mahaɗa, ɗan akwatin nan da 'yan kasuwa ke ce wa hob ko dok. Kayan tebur duk su zauna a jikinta, ita kuma ta miƙo wa laftof kebul ɗaya. Ka soka shi, allo ya kawo, kibod ya amsa, batir ya fara caji. Ka zare, ka saɓa jakarka ka tafi.

A faɗe abin da sauƙi. Ta farko da na saya mai kafa goma sha ɗaya ce, kwalinta sai ƙyalli. Na kai gida na jona, filas ya buɗe, mawus ya motsa, amma allo ko ƙyaftawa bai yi ba. Washegari na koma shagon da zafina. Yaron shagon ya karɓa, ya soka ta a wata laftof da ke kan kanta, nan take hoto ya fito. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, kayanmu lafiyarsa ƙalau. Kwamfutarka ce ba ta fitar da hoto ta nan." Gaskiyarsa. Ni na yi cinikin biri a sama, domin ban taɓa duba abin da tawa kafar ke iya yi ba. Don haka daga can za mu fara.

Mataki na farko: san kafar laftof ɗinka

Kafar USB-C, 'yar ƙaramar nan da ba ta da sama ba ta da ƙasa, ta fito ne a 2014. Matsalarta ita ce siffa ɗaya ce amma aiki daban-daban. Abu uku take iya ɗauka: bayanai, hoto, da wutar caji. Ba dole ba ne kowace ta ɗauki ukun. Akwai laftof da yawa, musamman masu sauƙin kuɗi da waɗanda suka fito a farkon zuwan kafar, da tasu bayanai kawai take wucewa da su. Mahaɗa ba ta ƙirƙiro abin da kafa ba ta ba ta ba. Rarrabawa kawai take yi.

Ɗauko laftof ɗin, ka kai ta wurin haske, ka duba 'yar alamar da ke gefen kafar. Idan ka ga alamar walƙiya mai kan kibiya, Thunderbolt ce, ka huta: tana ɗaukar hoto da bayanai masu gudun gigabit 40 a sakan. Kamfanin Intel ne ya mayar da Thunderbolt kan bakin USB-C a 2015 da ƙarni na uku, na huɗu ya biyo a 2020. Idan ka ga harafin D da P a cikinsa, kafar tana fitar da hoto ta tsarin DisplayPort. Idan SS kaɗai ka gani da alamar USB mai reshe uku, ka yi taka-tsantsan, mai yiwuwa bayanai ne kawai.

Alama ba ta isa ba, don wasu kamfanonin ba sa buga komai, wasu kuma ta goge saboda tsufa. Kifa laftof ɗin, ka kwafi cikakkiyar lambar samfurinta, ka nema a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Ka ce cikakkiya, domin "EliteBook 840" kaɗai ba amsa ba ce. Ta ƙarnin G3 da ta G5 suna ɗaya suke amsawa, amma G5 tana da Thunderbolt, G3 ba ta da ita. A cikin bayanin, kalma biyu kake nema a gaban USB-C: DisplayPort, da Power Delivery. Ta farko hoto ce, ta biyu caji.

Ga wani abu da masu laftof ɗin gwanjo, irin na ofis da ake kawowa daga Turai da Amurka, ba sa lura da shi. Yawancinsu suna da nasu dok ɗin na gida wanda ba ruwansa da USB-C. Dell Latitude masu harafin E, kamar E7470, suna da doguwar kafa a ƙarƙashinsu da ake dasa su kan dok. EliteBook na wancan zamani suna da tsaga a gefe da ke shiga dok ɗin UltraSlim. ThinkPad ma haka, wasu ta ƙasa wasu ta gefe. Ofisoshin can sun zubar da irin waɗannan da yawa, shi ya sa na hannu ba su da tsada. Idan taka a cikinsu take, nemi nata kawai. Ba shi da kyan gani kamar na zamani, amma yana caji, yana fitar da allo biyu, ba ya musu.

Mataki na biyu: ƙirga abin da kake sokawa da gaske

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Rubuta abin da ke jone a teburinka kullum, sannan abin da kake sokawa jefi-jefi. Ga yawancin mutane lissafin bai wuce allo ɗaya, kibod, mawus, caja, da kafa ɗaya ta filas ba. Ƙara kafa ɗaya ta ko-ta-kwana. Shi ke nan.

Kada yawan kafa ya ruɗe ka. Ko kafofin mahaɗa goma sha uku ne, duk ta maƙogwaro ɗaya suke sha. Mai kafa shida daga kamfanin da ya rubuta gaskiya a kwali ta fi mai sha uku da ba a san uwarta ba.

Mataki na uku: allo, inda yawancin kuka ke fitowa

Cikin kebul ɗin USB-C akwai layuka huɗu masu gudu, ka ɗauke su kamar titi mai hannu huɗu. Ƙaramar mahaɗa takan ba hoto biyu, ta bar wa bayanai biyu. Abin da hoto zai samu ya dogara da ƙarnin DisplayPort ɗin da laftof da mahaɗar suka yi tarayya a kai. A ƙarnin 1.2, kowane layi yana ɗaukar gigabit 5.4, layi biyu ba za su ishi allon 4K, wato mai tsananin kaifin hoto, ya sabunta hoto sau 60 a sakan ba, sai ya sauko 30. A ƙarnin 1.4 layi yana ɗaukar 8.1, biyu sun isa da ƙyar.

Shi ya sa za ka ga an rubuta 4K da manyan haruffa a gaban kwali, a baya kuma da ƙanana an sa 30Hz, wato sabunta hoto sau 30 a sakan. Wanda bai taɓa aiki da 30 ba zai ce ai ba komai. Ja mawus ka gani: kibiyar tana tafiya kamar mai ɗingishi, rubutu yana karkarwa in kana gangarawa, kafin azahar idonka ya gaji. Ni dai ba zan ba kowa shawarar zama kan 30 ba. Idan allonka 4K ne, nemi inda aka rubuta 4K da 60Hz tare, kafar HDMI ɗin kuma, inda kebul ɗin allo ke shiga, ta kasance 2.0 ko sama, kana ka tabbata laftof ɗinka ma ta kai 1.4. Idan kuwa allonka na 1080 ne, wanda shi ne a mafi yawan tebura, duk wannan lissafin bai shafe ka ba. Bai cin ko gigabit 4, kusan kowace mahaɗa za ta ɗauke shi.

Allo biyu wani zance ne daban. A Windows, mahaɗa mai kafar hoto biyu tana raba hanya ɗaya gida biyu da wata dabara da ake kira MST, kowane allo ya nuna nasa. Tsarin kwamfutocin Apple ba ya aiki da wannan dabarar wajen faɗaɗa allo. Ka jona allo biyu a irin wannan mahaɗar da MacBook, abu ɗaya za su nuna maka kamar tagwaye. Mai Mac da ke son allo biyu sai ya nemi dok ɗin Thunderbolt, wanda a ƙarni na huɗu ƙa'ida ce ya iya ɗaukar allon 4K biyu.

Ko da hakan, akwai sauran rina a kaba. MacBook Air mai ƙwaƙwalwar M1, ta 2020, da mai M2, allon waje ɗaya kaɗai suke fitarwa, ko da dok ɗin miliyan ka sa musu. Mai M3 tana fitar da biyu amma sai ka rufe murfinta. Daga M4 aka samu biyu murfi a buɗe. Iyakar a cikin kwakwalwar kwamfutar take.

Akwai hanyar zagaye, sunanta DisplayLink. Dok mai wannan fasaha ba ya jiran kafa ta fitar da hoto. Wata manhaja ce za ka saka, ta matse hoton ta tura shi a matsayin bayanai, guntun da ke cikin dok ɗin ya warware shi. Da ita mai M1 zai samu allo biyu, da ita kuma mai kafa irin tawa ta da, mai bayanai kawai, zai ga hoto. Illarta ita ce tana ɗora wa kwamfuta ƙarin aiki, ba ta dace da wasan bidiyo ko tace fim ba, kuma wasu manhajojin kallo masu kariyar haƙƙin mallaka kan nuna baƙin allo. Ga mai rubutu da lissafi da taron intanet, ta wadatar. Idan laftof ɗin ta ofis ce da aka kulle saka manhaja, tambayi masu kula da ita tukuna.

Mataki na huɗu: wuta

Juya cajarka ta asali ka karanta wat nawa ce. Yawancin siraran laftof 45 ne ko 65, manya 90 ko fiye. Wannan lambar ce ma'auninka.

Mahaɗa iri biyu ce ta fuskar wuta. Ƙaramar, mai 'yar wutsiya, ba ta da caja tata. Cajarka ta USB-C kake soka mata, ta ɗebi rabonta, ta miƙa wa laftof saura. Rabon nata yakan kai wat 15, shi ya sa za ka ga an rubuta 100 na shiga, 85 na fita. To yi lissafi: in cajarka 65 ce, laftof za ta samu kusan 50. Tana iya yin caji a hankali, ko ta riƙa nuna maka gargaɗin cewa cajar ta yi rauni, in aiki ya yi nauyi ma batir ya riƙa sauka alhali tana jone. Mafita ita ce caja mai wat 90 ko 100 da za ta zauna a tebur, taka ta asali ta koma jaka. Sanya kuɗinta cikin kasafinka tun farko.

Babban dok kuwa da tasa cajar yake zuwa, wani dunƙulen abu mai nauyi kamar rabin bulo. A hotunan talla ba a nuna shi, amma dole ka nema masa wurin ɓuya. A nan ma karanta da kyau, don wasu suna fifita 'yan gida. Dok ɗin WD19 na Dell mai cajar wat 180 yana ba laftof ɗin Dell har 130, na wani kamfani kuma 90.

Kebul ma yana da nasa hukuncin. Na gama-gari ampiya 3 yake ɗauka, wato wat 60. Sama da haka sai mai ɗan guntu a kansa da ke shaida wa caja cewa zai jure ampiya 5. Tsohon tsarin caji ya tsaya a wat 100, sabon da ya fito a 2021 ya kai 240, amma ƙananan mahaɗu da ke kasuwa galibi a kan 100 suke. Manyan laftof na wasa da zane, masu cajar wat 180 zuwa sama, ka saki jiki kawai cewa kebul biyu za ka riƙa sokawa.

Yanzu ga abin da kwali ba zai faɗa maka ba, domin masu rubuta shi ba su san a ɗauke wuta sau huɗu kafin la'asar ba. Babban dok, da an ɗauke wuta ya mutu gaba ɗaya: kibod, intanet na kebul, faifan ajiya, duk su tsaya, ko da batirin laftof a cike yake. Ƙaramar mahaɗa ita kan koma shan wuta daga laftof ta ci gaba. Sai dai a daidai lokacin sauyawar, da yawansu kan yi ɗan ɗif na sakan ɗaya ko biyu, faifan da ke jone ya fita ya dawo. In kana tsakiyar kwafe babban fayil, ya lalace. Ya taɓa faruwa da ni da hotunan wani biki, tun daga ranar in zan kwafe abu mai muhimmanci kai tsaye nake soka faifan a jikin laftof. Wanda ke kan sola da inbata mai sauyawa nan take, babban dok zai yi masa daɗi. Wanda sai an je an ja janareta, ƙaramar ta fi masa, ko ya haɗa dok ɗin da allon a kan UPS, akwatin batirin nan da ke riƙe wuta in an ɗauke. Kowanne ka zaɓa, kada ka jona shi tsirara a soket. Sa masa abin kariya daga tashin wuta, domin duk kayan teburinka yanzu a bayansa suke.

Mataki na biyar: gudun kafofi da 'yan ƙananan abubuwa

Sunayen USB an yi su ne kamar don a rikita mutane. USB 3.0, da 3.1 Gen 1, da 3.2 Gen 1, duk abu ɗaya ne: gigabit 5. Gen 2 ita ce gigabit 10. Bar sunan, nemi lambar. Kuma ka sani cewa mahaɗu masu araha sukan cika lissafin kafofinsu da USB 2.0, mai megabit 480. Bidiyon gigabait 10 da zai wuce cikin kusan rabin minti a kafa mai kyau da faifai mai sauri, a 2.0 sai ka jira minti biyar.

Amma kada ka raina 2.0 ɗin gaba ɗaya, guda ɗaya tana da amfani. Kafar USB 3 in tana aiki tana fitar da hayaniya a daidai zangon gigahaz 2.4, inda mawus da kibod marasa waya ke magana. Intel da kansa ya fitar da takarda kan haka a 2012. In mawus ɗinka na tsalle-tsalle duk lokacin da ka soka faifai kusa da kansa, ba batir ba ne. Mayar da kan nasa kafar 2.0, ko ka nisanta shi da ɗan kebul.

Kafar intanet ta kebul, in rautarka na kusa da tebur, ka nemi mai gigabit. In da wayarka kake raba data, ba ka buƙatarta. Mai ɗaukar hoto ya duba gudun da aka rubuta wa gurbin katin memori: UHS-I ya tsaya a megabait 104 a sakan, UHS-II ya kai 312. Mai zuwa koyarwa ko taro da tsohon majigi ya san darajar kafar VGA, amma wannan ɗan abin jaka ne, ba na tebur ba.

Mataki na shida: siffar jikinta

Tunda tsaftar tebur muke nema, wannan matakin ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci. Duba ina kafofin suka fuskanta. Abin da kake so shi ne na dindindin, wato allo da wuta da intanet, su kasance a baya, na filas da abin sauraro a gaba. Mahaɗar da kafofinta suka zagaye ta ko'ina, da ka cika ta sai ta koma kamar gizo-gizo a tsakiyar tebur, ka tara hargitsin wuri ɗaya ne kawai.

Sai wutsiya. Ƙananan da yawa tasu ba ta wuce tsawon taki ɗaya ba, kuma a manne take. In ka ɗora laftof a kan abin ɗagawa, mahaɗar za ta riƙa reto, nauyin kebul ɗin allo yana jan kafar laftof ƙasa, a hankali ta yi sako-sako. A laftof da yawa kafar nan a like take da babban allon ciki, gyaranta ba na arha ba ne. Na fi son mai kebul da ake cirewa: in ya karye ka canja shi, in ya yi gajarta ka sa dogo. Sai dai ba kowane za ka sa ba. Na cajin waya galibi ba ya ɗaukar hoto ko kaɗan, na Thunderbolt mai cikakken gudu kuma ba ya wuce santimita 80 sai in ka sayi mai tsada. Irin masu mannewa a gefen MacBook da baki biyu, suna da kyau a hoto, amma ba sa shiga in akwai riga a jikin laftof, kuma ranar da ka canja kwamfuta sun zama tarihi.

Mai jikin alminiyam ya fi na roba, don ƙarfen ne ke fitar da zafi. Ɗumi ba laifi ba ne. Amma a watan Afrilu, ɗaki ba fanka, wadda ka kasa riƙewa a hannu ita ce za ta riƙa yanke maka hoto.

Mataki na bakwai: a kasuwa

Tafi da laftof ɗinka, da cajarka, da filas mai babban fayil a ciki. Ko Beirut Road ne a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, mai shagon kirki ba zai hana ka gwaji ba. Jona allo, ka shiga saitin nuni ka ga lambar sabuntawa da idonka, 60 ce ko 30. Soka caja ta cikin mahaɗar ka ga ko alamar caji ta fito ba tare da gargaɗi ba. Fara kwafe fayil alhali allon na kunne, don a nan ne marasa ƙarfi ke tona kansu. Bi kafofin ɗaya bayan ɗaya. Ɗan girgiza kan kebul ɗin a hankali, in hoto ya ɗauke, ajiye ta. Bar ta jone minti goma kuna hira, sannan ka taɓa jikinta.

In dok ɗin ofis ne na hannu, kada ka karɓa ba tare da cajarsa ta asali ba, ka kuma duba wat ɗinta ya yi daidai da abin da aka rubuta a ƙasan dok ɗin. Kafin ka miƙa kuɗi, ku yi magana a fili: "In na je gida bai yi da allona ba, zan dawo da shi." A rubuta a rasit. In ta intanet za ka saya, ka tabbata akwai damar mayarwa.

Mataki na takwas: shimfiɗa teburin

Kwashe komai, ka goge. Ajiye mahaɗar a bayan allo ko ƙarƙashin abin ɗaga shi, inda iska ke ratsawa, ba cikin aljihun tebur ba. Mai manne fuska biyu yana riƙe ƙaramar a ƙasan tebur ko bayan ƙafar allo. Ekstenshan ɗin ma ɗaure shi a ƙasan tebur, kada ya kwanta a ƙasa inda tsintsiya ke dukansa. Tara kebul ɗin da ke tafiya hanya ɗaya ka ɗaure su da maɗauri mai ɓallewa, ba robar nan da sai an yanka ba, don wata rana za ka canja wani abu.

Jona su ɗaya-ɗaya, wuta tukuna, sai allo, sai sauran, don in wani ya ƙi ka san wanne ne. A Windows danna maɓallin Windows da P ka zaɓi faɗaɗa allo. In kana son aiki murfi a rufe, shiga saitin wuta ka ce kada ta yi barci in an rufe ta tana kan caji. Ni da zafi nakan bar murfin a ɗan buɗe, don wasu ta wajen maɓallai da gindin murfi suke numfashi. Babban dok kuma yakan buƙaci a sabunta manhajar cikinsa daga shafin kamfaninsa, yi hakan a ranar farko, wuta na tsaye.

Da hunturu, ƙura ita ce abokiyar gaba. Kafofin da ba ka amfani da su ka toshe su da 'yan murafan roba, ko ka yafa wa mahaɗar ƙyalle in ka tashi. Kebul ɗin nan ɗaya da ke zuwa laftof kuwa, sami babban matsin takardu na ƙarfe ka maƙala a bakin tebur, ka zura shi ta cikin kunnen matsin. Kansa ya fi ramin girma, in ka zare shi a nan zai rataye yana jiranka, ba sai ka durƙusa ba.